Takwando da faɗan titi: amsar tambayoyin da aka fi yi min

Assalamu alaikum. Na daɗe ina wannan wasa na taekwondo, wanda mu dai a baki takwando muke cewa, kuma tunda ƙwacen waya ya yi yawa a unguwanni kusan duk sati sai wani ya tare ni, ko uba mai son saka ɗansa, ko saurayin da aka taɓa tarewa a lungu, kowa da yadda zai juya maganar amma tambayar ɗaya ce, wai wannan abin naku zai cece ni ranar da aka tare ni? Shi ne na ce bari in haɗa su wuri ɗaya in amsa. Ina son wasan nan har cikin raina, shi ya sa ba zan yi masa ƙarya ba, dan ƙarya a wannan fannin jinin mutum take jawowa.

Wai takwando kala-kala ne ko duk abu ɗaya ne?

Kala-kala ne, kuma sai ka ɗan san tarihin kafin ka gane dalili. Japan ta mulki Koriya daga 1910 zuwa 1945, a wannan lokacin samarin Koriya da suka je karatu Japan suka koyo karate, da suka dawo gida kowa ya buɗe makarantarsa, su suke kira kwan, akwai Chung Do Kwan, Ji Do Kwan, Song Moo Kwan da sauransu. A 1955 aka fito da sunan taekwondo dan a haɗa kan makarantun, kuma wani janar ɗin soja, Choi Hong Hi, shi ne ya fi kowa tsayawa a kan sunan. Tae ƙafa, kwon dunƙulen hannu, do kuma hanya. Ka riƙe wannan, hannu yana cikin sunan tun asali, dan za mu dawo kansa.

Janar Choi ya kafa ƙungiyar takwando ta ƙasa da ƙasa, ITF, a 1966, daga baya suka ɓata da gwamnatin Koriya ta Kudu ya tattara ya koma Kanada a 1972 da ƙungiyarsa. Su kuma na gida a shekarar suka buɗe cibiyar Kukkiwon a Seoul, a 1973 suka kafa tasu ƙungiyar takwando ta duniya, WTF, wadda a 2017 ta koma WT. Wannan ɓangaren ne ya shiga Olamfik, an fara nuna shi a Seoul 1988, ya zama cikakken wasan lambar yabo a Sidni 2000. Da Choi ya rasu a 2002 ita ma ITF ɗin ta dare gida uku kowa na cewa shi ne magaji. A Amurka kuma akwai wata ƙungiyar, ATA, da aka kafa a 1969 da nata salon.

A wajenmu, Najeriya da Nijar, in ka shiga filin wasa ko makaranta ko bariki ka ga yara da fararen kaya suna ihu, kusan kullum WT ne, dan shi ne ake zuwa gasa da shi.

To a aikace me ya raba WT da ITF?

Dokar karawa, ita ce babba. A WT za ka saka rigar kariya ta ƙirji da ake kira hogu, da hular kai, da kariyar ƙwauri da hannu da ta haƙori, kuma duka ake da ƙarfi na gaske, in ka sumar da mutum da shuri ka ci wasa. Amma naushi a ƙirji kawai aka yarda, fuska haramun ce ga hannu, ba shuri ƙasa da ƙugu, ba riƙo, ba kayarwa. A Olamfik ta Faris 2024 naushin ƙirji maki 1 ne, shurin ƙirji 2, shurin kai 3, in ka juya ka buga ƙirji 4, in ka juya ka samu kai 5. Duk wanda ya kalli wannan lissafin ya san inda koci zai zuba lokacinsa, ba wanda zai ɓata wata shida yana gyara abin maki 1.

ITF kuma ba hogu, safar hannu ake sakawa da ta ƙafa, kuma an yarda ka kai naushi fuska. Sai dai a dokarsu duka mai sauƙi ake so, in ka wuce gona da iri alƙali zai hukunta ka. Su ma ba shuri ƙasa da ƙugu, ba kokawa. Sai kuma jerin motsin da ake haddacewa, WT suna da poomsae, Taegeuk guda 8 kafin baƙin bel sannan Koryo da na gaba, ITF suna da tul guda 24 da suka fara daga Chon-Ji, kuma suna da wani salon sauka da tashi a cikin motsinsu da in ka gani sau ɗaya ba za ka sake rikita su ba.

Wanne ya fi amfani in faɗa ya tashi da gaske?

In a takarda ne ITF ya ɗan fi, saboda abu ɗaya tak, ɗalibinsu ya saba ganin hannu yana zuwa fuskarsa, kuma faɗan titi kusan kullum da hannu yake farawa, mari ko naushi ko cin kwala. Amma ɗan WT shi kuma ya san zafin duka na gaske, ya san yadda ake shan shuri a haƙarƙari numfashi ya ɗauke kuma a cigaba, wanda wani ɗan ITF ɗin da aka saba masa da taɓa-ka-janye bai taɓa ɗanɗanawa ba. Kowanne da ramin da ya bari.

Ni dai abin da na gani da idona, haruffan da aka rubuta a allon ƙofa ba su ne suke yanke hukunci ba, abin da ake yi a ciki daga ƙarfe huɗu zuwa magariba shi ne. Kulob biyu duk WT, ɗaya kocinsu tsohon soja ne yana sa su naushin buhu, yana sa su karawa da hannu sau ɗaya a sati, ɗayan kuma shekara guda ana shurin iska ana layi. Ba za ka ce waɗannan abu ɗaya suke koya ba dan kawai kayansu iri ɗaya ne. Tambayar da ya kamata ka yi ita ce, a nan ana sa ni in fuskanci mutumin da ba ya ba ni haɗin kai, wanda yake son ya doke ni da gaske, ko kuwa?

Me ya sa in ana gasa sai in ga hannayensu a ƙasa suna ta tsalle-tsalle?

Doka ce ta haifar da hakan. Tunda ba mai naushinka a fuska, hannu a ƙasa ya fi amfani, yana kare hogu yana kuma taimaka maka wajen daidaita jiki. Sannan daga Landan 2012 aka fara amfani da hogu mai na'ura a Olamfik, da safa mai na'ura a ƙafa, kwamfuta ce take ƙirga maki, a Riyo 2016 aka ƙara da hular kai mai na'ura. An yi haka ne dan a rage rigimar alƙalanci, kuma ta ragu, amma sai wasan ya canza kama, dogaye suka gane cewa in ka ɗaga ƙafar gaba ka riƙe ta a sama kana zungura, za ka tara maki ba tare da ka saka kanka a haɗari ba. Tsofaffin 'yan wasa da yawa har yanzu suna ƙorafi a kan haka.

Bari in ba ka labarin abin da ya same ni. Na riga na samu baƙin bel, ina ji da kaina sosai, wata rana da yamma a filin da muke tirenin wani yaro ɗan boksin da suke atisaye a gefenmu ya ce mu ɗan taɓa, kowa ya yi abin da ya iya amma a hankali. Aka aro min safar hannu duk ta jiƙe da gumin wani. Na kai masa dollyo chagi, wato shurin nan na zagaye, ya sauka a damtsensa da ƙara, na ji daɗi, kafin in dawo da ƙafata ƙasa ya riga ya shigo jikina, sai ji na yi tau a hanci. Bai ma saka ƙarfi ba. Idona ya cika da ruwa, kuma abin da ya fi damuna har yau, na rufe ido na juya masa ƙeya, jikina ne ya yi haka da kansa ban sa shi ba, dan a duk shekarun nan ba wanda ya taɓa kawo hannu fuskata. Da a lungu ne da dare, wannan juyawar ita ce ƙarshen zancen. A daren ban yi barcin kirki ba, sati na zagayowa na je wajen kocinsu na ce Malam a koya min tsare fuska. Wata uku sai da na yi kafin in daina ƙifta ido in hannu ya taso.

Kenan takwando ba shi da wani amfani a waje?

A'a wallahi, kar ka ɗauke ta haka, wannan ma zalunci ne. Abu na farko da yake ba ka shi ne sanin tazara, ɗan takwando nagari yana jin lokacin da mutum ya shigo inda zai iya taɓa shi tun kafin ya ɗaga hannu, kuma ƙafafunsa sun iya ja da baya da zamewa gefe cikin sauri. Na biyu numfashi, yawancin masu tare mutane in aka yi minti ɗaya ana fama haki suke, kai kuma ka saba turmi uku na minti bibbiyu. Na uku shurin gaba, ap chagi, da na gefe, yeop chagi, in aka saukar da su ƙasa, mara ko cinya ko gwiwa, suna tsayar da mutum cak su ba ka sakan biyun da kake buƙata ka bar wurin. Shurin baya kuma, dwit chagi, in ya samu ciki da dunduniya ba ƙaramin abu ba ne, na ga ya durƙusar da ƙato duk da hogu a jikinsa.

Kuma kar wani ya raina 'yan gasa. Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar, tsawonsa ya haura mita 2, ya ɗauko azurfa a Riyo 2016, lambar Olamfik ta farko da Nijar ta samu tun tagullar Issaka Daboré a boksin a 1972, a 2017 kuma ya zama zakaran duniya a garin Muju na Koriya ta Kudu. Chika Chukwumerije ya kawo wa Najeriya tagulla a Beijin 2008. Irin waɗannan in ƙafarsu ta sauka a ƙirjinka asibiti za ka kwana, doka ko ba doka. Sai dai ka tuna su rayuwarsu gaba ɗaya suka ba abin, safe da yamma, kai kuma sau uku a sati kake zuwa bayan ka taso daga kasuwa ko ofis, kar ka auna kanka da mudunsu.

Shurin kai irin na fim yana aiki a titi?

Yana iya yi, amma ni ba na ba kowa shawara. A kulob ƙafarka ba takalmi, kan katifar roba kake ko siminti mai kyau, ka yi minti ashirin kana ɗumama jiki, wandonka mai faɗi ne. A waje kuma silifas ne a ƙafarka, kaftani ko jallabiya ko wando matsattse, ƙasa yashi ko tsakuwa ko bakin kwata mai santsi, jikinka a sanyaye, gabanka na faɗuwa. Duk lokacin da ka ɗaga ƙafa sama da ƙugu a kan ƙafa ɗaya kake tsaye, in aka cafke ta ko ka zame sai ƙasa, kuma ƙeya da kwalta ba sa shiri, mutane da yawa da suka mutu a faɗa ba naushin ne ya kashe su ba faɗuwar ce. Ka gwada da kanka, ranar Juma'a in ka dawo masallaci kar ka cire kayan, shiga tsakar gida ka kai shurin kai sau biyar ka ga abin da rigar za ta yi maka.

In mutum ya rungume ni ko ya kai ni ƙasa fa?

Nan ne babban ramin, kuma WT da ITF duk sun faɗa cikinsa. A gasa in kun manne alƙali zai raba ku, in ka faɗi za a tsayar da wasa ka tashi. A unguwa kuwa duk yaron da ya tashi a ƙasar Hausa ya taɓa kokawa ko a yashin rafi ne, abu na farko da zai yi in ya ga kana wasa da ƙafa shi ne ya duƙa ya kwashe ka.

Ga misali da kowa zai iya dubawa. Robelis Despaigne ɗan Kyuba ne, ya ci tagulla a takwando a Landan 2012, dogo ne na ban mamaki. Ya shiga UFC, gasar faɗan da ake haɗa duka da kokawa a cikin keji, a 2024, faɗansa na farko cikin sakan 18 ya gama da mutum, duniya ta ɗauka. Faɗa biyun da suka biyo baya duk ya sha kashi, kuma hanya ɗaya aka bi, kai shi ƙasa aka dinga yi ana danne shi har lokaci ya ƙare, ƙafar da ake tsoro ba ta samu wurin tashi ba. Ka kwatanta da Anthony Pettis, shi ma daga takwando ya taso, shi ne wanda a 2010 ya taka ragar keji ya tashi sama ya shuri Benson Henderson a fuska. Amma da suka sake haɗuwa a 2013 ya karɓe kambun UFC daga hannunsa, ba da shuri ya gama shi ba, a ƙasa ya murɗe masa hannu, dan ya je ya koyi kokawar jujitsu ya ɗora a kan takwandonsa. Abin da nake gaya wa ɗalibai kenan, ku riƙe takwandonku, amma ku nemi judo ko kokawa ko da sau ɗaya a sati ne, ku koyi yadda ake faɗuwa ba a fasa kai ba, da yadda ake tashi in mutum yana kanka.

Poomsae ko tul ɗin da ake haddacewa suna da amfani a faɗa?

Suna gyara tsayuwa, suna koya wa jiki daidaito da natsuwa, dattijo ma zai iya yinsu har tsufansa, kuma ni ina jin daɗinsu da asuba kafin gari ya waye. Amma ba za su koya maka lokacin da za ka kai duka ko ka kauce ba, dan ba kowa a gabanka. Hannun da ake janyewa a ajiye a ƙugu a cikin poomsae, in ka kai shi titi ka bar haɓarka a buɗe.

Kocinmu yana koya mana ƙwace wuƙa daga hannun mutum, in dogara da shi?

Dan girman Allah kar ka dogara. Wannan ita ce amsar da na fi so a karanta a duk rubutun nan. Ɓangaren kare kai a takwando sunansa hosinsul, kuma a yawancin kulob ga yadda ake yinsa, abokinka zai kawo wuƙar roba sau ɗaya, a hankali, daga sama, ya tsaya da hannu a miƙe kamar gunki yana jira ka murɗe shi. Ba ɗan daban da yake suka haka. Hannu ɗaya zai riƙe rigarka, ɗayan yana shiga yana fita kamar allurar keken ɗinki, sau da yawa ma ba za ka ga wuƙar ba sai ka ji ɗumi a jikinka, kuma da wuya ka same shi shi kaɗai, akwai na bayanka da gora ko barandami.

Mun taɓa gwadawa a kulob. Na sayo jan alƙalamin nan da ake kira maka, na ce kowa ya zo da tsohuwar farar singileti, na ba wani yaro ɗan shekara sha shida da bai fi wata biyu da farawa ba makar, na ce wannan wuƙa ce, ka soki duk wanda ya zo iya ƙarfinka, kar ka tsaya. Manyanmu masu baƙin bel muka shiga ɗaya bayan ɗaya, sakan goma-goma. Ba wanda ya fito da farar riga. Ni kaina layi bakwai na ƙirga, biyu a ciki, ɗaya a gefen wuya, sauran a hannu, kuma na samu na riƙe hannun nasa daga ƙarshe amma bayan me? Wurin ya yi tsit, wani daga cikinmu ya daɗe yana kallon jan layin da ke kan cikinsa bai ce komai ba.

Saboda haka in an nuna maka ƙarfe an ce kawo waya, miƙa. In da hali ka jefa ta gefe ka bi ɗaya gefen da gudu kana ihu. Waya ana sayen wata, layi ana dawo da shi a ofis, lambobi suna cikin imel. Mun yi jana'izar samari da yawa a garuruwanmu a kan wayar da ba ta kai kuɗin buhun shinkafa biyu ba. Lokacin da za ka yi faɗa da mai makami shi ne in ba hanyar gudu, ko ana son tafiya da kai, ko iyalinka ne a bayanka, a nan ma ka nemi abin da zai shiga tsakaninku, kujera, benci, jaka, babur, ba hannunka tsirara ba.

Fasa katako da bulo fa?

Yana gwada ko dukanka ya daidaita kuma yana cire wa yaro tsoro, iyakarsa kenan. Katako ba ya kaucewa ba ya ramawa.

Ɗan dambe da ɗan takwando, wa zai ci wani?

Ya danganta da mutanen da kuma filin. In akwai sarari kuma ɗan takwandon ya iya riƙe tazara zai wahalar da shi da shurin ciki. Amma ɗan damben gargajiya yana da abin da yawancinmu ba mu da shi, ya saba a kawo masa hannun da aka naɗe da zare a fuska ba hula ba komai, gaban jama'a da kiɗa, ya sha ya tsaya, kuma dambenmu ma akwai shuri a ciki, ƙafa ba baƙuwarsa ba ce. In ya samu ya shigo kusa sau ɗaya magana ta ƙare. Ni da za a samu kulob da zai riƙa gayyato 'yan dambe da 'yan kokawa ana atisaye tare cikin mutunci da kayan kariya, da ɗalibanmu sun fi haka nesa ba kusa ba, abin yana ƙofar gidanmu muna tsallake shi.

Ni mace ce, zai amfane ni? Kuma ya batun hijabi?

Zai amfane ki 'yar'uwa, ƙarfin mace yawanci a ƙafa da ƙugu yake, kuma takwando nan yake ginawa. Hijabi ba matsala ba ne, dokar WT ta yarda a saka shi ƙarƙashin hular kai, Hedaya Malak ta Masar da hijabinta ta ci tagulla a Riyo 2016 ta sake ci a Tokiyo, Kimia Alizadeh ma da shi ta ci wa Iran tagulla a Riyo. Kayan wasan kuma dogon hannu ne da dogon wando.

Sai dai abin da yake samun mata ba irin na maza ba ne, ba a cika tsayawa nesa ana musayar duka da mace ba, riƙe hannu ne, jan mayafi, toshe baki, turawa cikin ɗaki ko adaidaita, kuma sau da yawa wanda aka sani ne. Dan haka ki tambayi koci ko ana koyar da kuɓucewa daga riƙo da ƙarfi na gaske, da gwiwa da gwiwar hannu, da ɗaga murya. Ki gwada motsin da zani ko abaya ki ga wanne ne zai yiwu. In kulob ɗin akwai mace mai koyarwa ko ajin mata daban ya fi, in babu ki je da 'yar'uwarki, kuma duk kocin da ya ce ki zo ke kaɗai bayan kowa ya tashi kar ki koma wurin.

Shekara nawa ake yi kafin baƙin bel? Ɗana zai iya kare kansa in ya samu?

A kulob na kirki shekara uku zuwa biyar ga mai zuwa a kai a kai. A tsarin Kukkiwon yaron da bai kai 15 ba ma ba a ba shi cikakken baƙin bel na manya, poom ake ba shi, bel mai ja da baƙi. In ka ga ana gwajin bel duk wata, kowane gwaji da kuɗinsa, kuma ba a taɓa kayar da kowa ba, to kasuwa ce. Alhaji ka saka ɗanka dan lafiyar jiki da tarbiyya da ya daina jin tsoron masu cin zalinsa a makaranta, wannan kam zai samu insha Allah, amma kar ka bari ya ɗauka cewa zai iya da babban mutum, yaro ɗan shekara goma yaro ne ko wane irin bel ya ɗaura, abin da za ka koya masa game da babba shi ne ihu da gudu da faɗa maka komai.

Rusunawar da ake yi wa koci da tuta fa?

Gaisuwar Koriyawa ce, haka suke yi wa manyansu ko a gida. Duk da haka mutane da yawa a cikinmu ba sa sakin jiki da ita saboda kamarta da ruku'u, ka tambayi malaminka, sannan ka yi wa koci magana tun ranar farko. Kocin da ya san inda yake zai yarda ka tsaya ƙyam ka ɗora hannu a ƙirji.

In na ji wa wanda ya tare ni ciwo, doka za ta kama ni?

Dokar Najeriya ta yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa, sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya taɓo haka, dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ma ta tanada, amma da sharaɗin kar ka wuce abin da ya zama dole. In ya faɗi ko ya juya da gudu ka bi shi kana tattakawa, ka tashi daga mai kare kai ka koma mai laifi, kuma in aka ji kana da baƙin bel ba sauƙi zai jawo maka a gaban alƙali ba. Da ka samu hanya ka bar wurin, ka je ka kai rahoto da kanka.

To ya zan gane kulob ɗin da zai koya min abin da nake nema?

Kar ka biya kuɗi ranar farko, je ka zauna a gefe ka kalli aji guda daga farko har ƙarshe, in son samu ne ranar da suke karawa. Kalli manyan ɗaliban ba kocin ba, dan su ne kai nan da shekara uku. Duba ko akwai buhun naushi kuma ya sha duka ko sabo ne fil yana rataye, ko akwai safar hannu da robar haƙori, ko in an ce a kara suna taɓa juna da gaske amma ba mugunta, babba yana sassauta wa ƙarami. In ka ga sabon zuwa ana jibgarsa wai ana cire masa tsoro, tashi ka tafi, in kuma ka ga awa biyu ba wanda ya taɓa wani, nan ma ba wurin kare kai ba ne ko da wasan nasu yana da kyau.

Bayan an tashi ka je ka gaida kocin ka tambaye shi kai tsaye, Malam in aka fito min da wuƙa me zan yi? In ya miƙe ya fara nuna maka yadda zai karɓe ta cikin motsi uku, yi masa godiya ka kama hanya. In ya ce ka ba da wayar ka gudu, sai ka tambaye shi na biyu, ko zai ji haushi in kana zuwa wajen 'yan boksin ko judo ranar Asabar. Wanda ya ce je ka, in ka koyo ka zo ka nuna mana, shi za ka biya wa kuɗin wata, ka sayi robar haƙori tun kafin ka sayi fararen kayan.